Ɗumin Tsohuwar Fijo

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce, saboda haka duk abin da aka ƙera domin maganin sanyi, a wurinmu ado ne kawai. Mai wannan magana bazara yake tunawa, lokacin da rana ke dukan duwatsun Bauchi har su riƙa huci bayan magariba. Ya manta da hunturu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas takan taso daga Sahara ɗauke da ƙura, ta busar da leɓe, ta cika diddige da faso, ta sa masu zuwa sallar asuba su riƙa tafiya a dunƙule cikin barguna. Garin Bauchi yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga doron teku, kuma a irin waɗannan darare ma'aunin zafi kan sauko ƙasa da digiri 15. Wanda kuwa ya kama hanyar Jos da duku-duku, hawa yake yi a hankali har ya kai tsayin mita 1,200 da 'yan kai, inda wani daren sanyi kan kusanci digiri 10. Ga mai jini a jika, wannan abin dariya ne. Ga tsohuwa mai fama da asma kuwa, kowane numfashi a irin wannan iska aiki ne.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta haura shekara 70, kuma ciwon asma ya daɗe tare da ita. Da damina takan sami sassauci, amma da zarar hazo ya sauka sai a riƙa jin ƙirjinta yana shesshekar da ke hana mai jinta barci. Likitan da ya san ciwonta ciki da bai yana wani asibiti a Jos, ganinsa kuma sai da sammako, domin wanda ya isa bayan hantsi sai dai ya dawo wani makon. Tafiyar kimanin kilomita 130 ce, ta Zaranda da Nabordo da Magama Gumau da Tilden Fulani. Inna ba ta son motar haya, ba ta kuma sakewa a motar aro. Mota ɗaya ta yarda da ita a duniya, ita ce wadda maigidanta ya bari.

Motar nan Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, fara, haɗin Kaduna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa a 1982. Irin wannan mota ta fara fitowa a Faransa a 1968, shekara ta zagayo aka zaɓe ta motar shekara a Turai, sa'an nan a 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a nan gida. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har wajen 2006, bayan Faransa ta daɗe da juya mata baya. A zamanin da take tashe, ita ce motar Sakatare, ita ce motar Alƙali, doguwarta kuma ita ce ke jigilar fasinja tsakanin Bauchi da Kano da Maiduguri. Yau idan tamu ta tsaya a gidan mai, yara kan zagaye ta suna leƙe kamar sun ga raƙumi a kasuwar kaji. Duk da haka ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba.

Cikin watan Agusta na 2023 na fara ganin alamu uku. Kafet ɗin da ke ƙarƙashin ƙafar mai zaman gaba kullum a jiƙe, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Gilashin gaba yana yin wani danshi mai maiƙo daga ciki, wanda in an goge shi da tsumma sai ya ƙara dishi-dishi. Ruwan lagireto kuma yana raguwa, alhali ba a ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa inda motar ke kwana. Na kai ta wani gareji. Makaniken ya sa hannu ƙarƙashin dashbod, ya shinshina yatsunsa, ya ce hita ce ta fashe. Kafin in gama tambayar abin da za a yi, ya zare tiyo biyu daga bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin mutane, ya haɗa bakinsu da guntun bututu, ya ɗaure da kilif. Minti 10 bai cika ba. Ya ce, "Malam, an zagaye ta, an wuce wurin. A Nijeriya wa ke kunna hita?"

A gaskiya aikin nasa ya tsayar da yoyon, kuma a matsayin dabarar isa gida babu abin zargi a cikinsa. Sai dai tambayarsa ta sami amsa a ƙarshen Nuwamba, ranar da muka tashi zuwa Jos bayan sallar asuba. Tun kafin Zaranda Inna ta fara tari. Muka rufe tagogi saboda iska da ƙura, sai numfashinmu ya taru a jikin gilashi mai sanyi ya zama hazo, har fitilun manyan motocin da ke tahowa suka koma kamar wata a cikin gajimare. In an buɗe taga a ga hanya, Inna ta sarƙe. In an rufe don Inna ta huta, hanya ta ɓace. Haka muka yi ta yi, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a tsumma, har gari ya waye mana a Tilden Fulani. Da muka dawo, wata maƙwabciya ta ba da shawarar a riƙa saka kaskon garwashi a ƙasan mota. Na yi mata godiya, na kuma roƙe ta kada ta gaya wa kowa wannan shawara, domin garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kwantar da mutum barcin da ba a tashi.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake kira hita a mota, domin mutane da yawa sun ɗauka wata waya ce da ke yin ja kamar ta dutsen guga. Injin fetur, cikin ƙarfin man da ya ƙona, abin da ke zama tafiya bai fi kashi ɗaya bisa uku ba. Sauran duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ruwa ya kwashe shi. Ruwan nan yana zagaya jikin inji ta wasu hanyoyi da aka bari cikin ƙarfe, famfon ruwa yana tura shi, ya je babban lagireto da ke gaba, iska ta fifita shi, ya dawo. Masu ƙira sai suka yi tunani, tun da ga zafi ana zubarwa a banza, me zai hana a ɗebi kaɗan a shigar wa mutanen da ke ciki? Sai suka ƙera wani ɗan ƙaramin lagireto, girmansa bai wuce littafin karatu mai kauri ba, suka ɓoye shi cikin akwati a bayan dashbod. Tiyo ɗaya ya kawo masa ruwan zafi daga inji, ɗaya ya mayar. Wata 'yar fanka tana hura iska ta tsakanin haƙarƙarinsa, iskar ta ɗauki ɗumi ta fito, ko wajen ƙafafu ko jikin gilashi. Wannan ɗumi kyauta ne, bai ƙara wa mai mota ko cokali ɗaya na fetur ba. Motocin lantarki na yanzu, da yake ba su da irin wannan rarar zafi mai yawa, daga batirinsu suke biyan kuɗin ɗumama ciki.

Mutumin da na nufa da matsalar shi ne Kawu, yayan Inna. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da masana'antar Steyr ta fara haɗa manyan motoci da taraktoci a nan Bauchi, yana cikin samarin da suka koyi aikin inji a can. Daga baya ya buɗe rumfarsa, ya yi shekaru yana gyaran Fijo, har idanunsa suka yi rauni ya bar wa yara. Yanzu yini yake yi a ƙofar gida bisa buzu, da carbi da rediyo. Na same shi bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari na gaya masa.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wa ya zagaye ta?"

Na ce, "Wani yaro ne a gareji, Kawu."

Ya ce, "Bai yi laifi ba, abin da ya tarar ana yi ke nan. Amma ka san motar nan da hannuna na duba ta ranar da ubanka ya kawo ta gida? Babu abin da aka sa mata don wasa. Ka nemo ɗan lagireton, ka zo ka ɗauke ni. A tsakar gida za mu yi, inda ba mai gaggauta mu."

Na ce, "Kawu, idanunku fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ne idanun, kai ne hannun. Ni baki kawai zan kawo."

Neman kayan ya ci kwana 9. A shagunan kayan gyaran mota na cikin gari an nuna mini sababbi na wasu motoci, na alminiyom masu kawunan roba, aka ce za a iya yi musu dabara su shiga. Kawu ya ƙi. Ya ce na asalin na jan ƙarfe ne da tagulla, an haɗa gaɓoɓinsa da dalma, don haka ko ya tsage mai gyaran lagireto zai iya narka dalma ya liƙe shi. Na zamani kuwa matse bakin alminiyom aka yi a kan roba, ranar da ya gaji sai juji. A ƙarshe wani direba mai jigilar Kaduna ya samo mana ɗaya a Panteka, inda ake fasa tsofaffin motoci ana sayar da sassansu. Ya zo a naɗe cikin tsohuwar jarida, ya yi baƙi da ƙura, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin bututunsa.

Kawu bai yarda a ɗaura shi ba sai an gwada. Ya sa na zura tiyon famfo a bakin bututu ɗaya, ruwa ya yi ta fita ta ɗayan, da fari ja kamar kunun kanwa, daga baya ya washe. Muka juya muka tura ruwan ta ɗaya ɓangaren, har sau 3. Sa'an nan ya ce a cika baho da ruwa, a toshe bututu ɗaya da guntun roba, a ɗaura bakin famfon keke a ɗayan, a nutsar da ɗan lagireton duka. 'Yata, mai shekara 11, ita ta riƙe famfon tana bugawa a hankali. Kawu ya ce kada a cika iska, abin da zai sha a mota ba shi da yawa. Ya ce mini, "Zuba ido. In ka ga kumfa tana tasowa a jere kamar carbi, akwai ƙofa." Muka zura wa ruwan nan ido kamar masu duban wata. 'Yan kumfa biyu uku da suka maƙale a haƙarƙari suka tashi, daga nan ruwa ya kwanta lif. Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi. Mai shi ya mutu ya bar shi da rai."

Muka sa ranar Asabar ta biyu ga watan Disamba. Tun daren Juma'a na shigar da motar tsakar gida ƙarƙashin bishiyar darbejiya, domin ta kwana ta huce sarai. Wannan sharaɗi ne da Kawu ya nanata. Ruwan da ke cikin inji mai zafi a matse yake, murfin lagireto ne ke danne shi don kada ya tafasa a inda ruwan tukunya ke tafasa. Wanda ya buɗe murfin a lokacin, ruwan zai tafasa nan take ya yi tsartuwa a fuskarsa. Kawu ya nuna mini wani tabo a damtsensa, ya ce tun yana ɗan koyo wani abokin aiki ya yi gaggawa, shi kuma yana tsaye a kusa.

Da hantsi aka shimfiɗa masa tabarma kusa da ƙofar mota, aka kawo masa shayi. Na jera sufana da sukudireba da filaya a kan buhu. Ya ce kafin komai a cire wayar batir ta ɓangaren da ke haɗe da jikin mota, domin bayan dashbod wayoyi ne birjik, sufana ɗaya ta taɓa inda bai kamata ba sai hayaƙi. Sa'an nan aka sa daro ƙarƙashin lagireto, aka kwance tiyon ƙasa, ruwa ya zubo. Ya sa aka kawo tiren ƙwai wanda babu komai a ciki. Kowane noti da kowane sukuru na cire, sai 'yata ta sa shi a rami ɗaya, bi da bi, daga hagu zuwa dama. Ya ce, "Kwancewa kowa ya iya. Ranar mayarwa ake sanin makanike. In kun bi ramukan nan a juye, mota za ta koma yadda take."

Abin da ya sa makanikai ke gudun wannan aiki shi ne wurin da abin yake. Kayan ba shi da tsada idan aka kwatanta da wahalar kai hannu gare shi. Sai da na kwanta rigingine a ƙasan mota, kaina ƙarƙashin dashbod, ƙafafuna a waje, tocila a baki. Na cire marfin ƙasa, na cire rediyo, na zare 'yan wayoyin ƙarfen da ke tafiya daga maɓallan dashbod zuwa ƙofofin iska da ɗan famfon da ke buɗe wa hita ruwa. Kawu, wanda ba ya iya karanta lambar mota daga taku 5, yana zaune yana faɗa mini abin da ke gabana. "Kai hannunka sama ta dama, za ka ji noti mai lamba 10. Akwai ɗan'uwansa a ɓoye bayan bututun iska. Kada ka ja akwatin, in ya ƙi fitowa akwai abin da ka bari." Na laluba, ga noti nan inda ya ce. Robar akwatin ta shekara 41 tana shan zafin bazara, ta bushe kamar ƙwaryar da aka manta a rana, don haka kowane kilif sai da lallashi. Abin da babba ya hango yana zaune, in ji masu magana, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni a ranar ƙarƙashin rimin nake kwance, shi ke gani.

Wajen azahar akwatin ya fito. Muka buɗe shi a kan tabarma, sai ga tarihin gidanmu a ciki. Busassun ganyen darbejiya, ɓawon gyaɗa, sulai na ƙarfe irin waɗanda aka daina karɓa, murfin biro, da wani ɗan kunne guda wanda Inna ta ce tun ana goyon autarmu ya ɓace. Tsohon ɗan lagireton kuwa gindinsa ya yi kore da fari, wurin da ruwa ya daɗe yana tsattsafowa yana bushewa. Kawu ya karɓe shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya girgiza shi kusa da kunne. Ya ce, "Ji nan. Rabinsa dutse ne." Ya bayyana mini cewa ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, irin wanda ke taruwa fari a gindin butar shayi. In aka yi shekaru ana zuba shi a mota, sai ya toshe 'yan siraran hanyoyin, tsatsar inji ta zo ta ƙara, ƙarfe ya ci daga ciki. Koren ruwan nan da ake kira kulant, wanda mutanenmu ke cewa na ƙasashen ƙanƙara ne, yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma ɗaga matakin da ruwa ke tafasa. Ya gargaɗe mu da a rufe shi nesa da yara da dabbobi, domin yana da zaƙi a harshe, alhali guba ne mai lalata ƙoda.

Bayan mun yi salla mun ci abinci, muka shiga mayarwa. Soson da ke kewaye da ɗan lagireton ya zama gari, sai muka yanka sabo daga wata tsohuwar katifa muka liƙa, don kada iska ta sami hanyar zillewa ta gefe ba tare da ta ratsa zafi ba. Aka wanke fanka, aka ɗiga mata mai. Na sayo sababbin tiyo biyu da kilif huɗu, domin Kawu ya ce ba a ɗaura sabon doki da tsohuwar igiya. Tiren ƙwai ya fara raguwa daga dama zuwa hagu, 'yata tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, har ramin ƙarshe ya zama wayam. Ta ɗaga tiren ta nuna wa kakanta, shi kuma ya shafa ramukan da yatsa ya tabbatar.

Ina shirin zuba ruwa sai ya ce in dakata, in kwance wuyan ƙarfen da tiyon sama ke fita daga kan inji, in gaya masa abin da na gani. Na kwance, na ce babu komai. Ya ce, "Na sani. Sun cire." Abin da aka cire shi ne tamostat, wata 'yar ƙofa mai buɗe kanta. Idan inji yana da sanyi takan rufe hanyar zuwa babban lagireto don ruwa ya yi saurin ɗumi, idan zafi ya kai wajen digiri 80 sai ta buɗe. A garejojinmu an mayar da cire ta al'ada, da hujjar wai ita ke sa mota zafi, alhali sau da yawa toshewar lagireto ce ko lalacewar fanka ke jawo zafin. Injin da ba shi da ita yakan daɗe bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, musamman da asubar hunturu a kan buɗaɗɗiyar hanya, sai ya ƙara shan mai, ya kuma ƙara saurin cinyewa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga aljihu. Ita kuma hita, in ruwan bai yi zafi ba, me za ta bayar? Kawu ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wata a ƙulle cikin leda. Ashe tun ranar da na je masa ya sa aka tono ta daga akwatin kayan aikinsa. Muka jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan murhu, kafin ruwan ya tafasa muka ga bakinta ya buɗe, muka tsamo ta ta huce ta rufe.

Zuba ruwa ma da ƙa'idarsa. Aka buɗe maɓallin hita har ƙarshe, aka riƙa zuba kulant a hankali, ina matsa tiyo da hannu don iskar da ta maƙale ta fito, domin iska in ta zauna a ɗan lagireton sai ta hana ruwa wucewa. Aka mayar da wayar batir, na tayar da inji, murfin lagireto a buɗe. Muka tsaya muna kallon kumfa tana fitowa, ruwa yana sauka muna ƙarawa. Can Kawu ya ce in taɓa tiyon sama. Na taɓa, sanyi. Bayan 'yan mintoci ya ce in sake, sai na ji ya ɗauki zafi farat ɗaya. Ya ce, "Ta buɗe. Rufe murfin." Sa'an nan ya miƙe da kansa, ya dafa ƙofa, ya zauna a kujerar gaba, ya murɗa maɓallin fanka, ya tara tafin hannunsa a ƙasa. Ya daɗe a haka bai ce komai ba. Daga bisani ya laluba kafet da bayan akwatin ya ji a bushe, ya ce a kira masa ƙanwarsa. Inna ta fito da mayafi, ta tsaya daga nesa. Ya ce, "Zo ki ji motar mijinki." Ta ce, "Yaya, ai na ji daga nan." Ba ta matso ba, amma ba ta koma ɗaki ba sai da aka kashe injin.

Tun daga ranar nake tunanin kalmar nan ta makanike, wato zagayewa. Kawu ya ce a zamaninsu in abu ya lalace sai a buɗe littafin masana'anta, a nemo lambar kayan, a sa sabo. Bayan 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, sai makanikai suka koyi raya mota da abin da ke hannu. Wannan hazaƙa ce, kuma ita ta riƙe motocin ƙasar nan a kan hanya shekara da shekaru. Illarta ɗaya ce. Dabarar da aka yi don a kai gobe sai ta zauna, yaron da ya zo koyo ya tarar da ita ya ɗauka ita ce ƙa'ida. Fis ya ƙone, a naɗa waya. Fitilar gargaɗi ta kama, a cire ƙwan. Tamostat ta yi gardama, a jefar. Ranar da aka zagaye abu na ƙarshe, sai a ce mota ta tsufa. Wanda ya duba famfunan unguwarsu da tagogin ajin da ya yi karatu zai ga ba a gareji kaɗai ake wannan ba. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Ilimin da ke kan Kawu ba a rubuce yake ba. Ya san wurin kowane noti a motar da aka daina haɗawa, ya san dalilin da ya sa aka sa shi a wurin, kuma dalilin shi ne abin da ke saurin ɓacewa. Mu da muke jami'a muna tattara karin magana da waƙoƙin baka don kada su salwanta, ya kamata mu tuna cewa a bakin tsofaffin makanikai da maƙera da masu gyaran rediyo akwai wata Hausar aiki, da kalmominta da hikimominta, wadda ita ma ke tafiya kabari ɗaya bayan ɗaya. Yini guda da na yi ƙarƙashin dashbod ya koya mini abin da shekara 20 na tuƙi ba su koya mini ba. 'Yata kuwa har yanzu in ta ji ana maganar mota ta yi zafi, sai ta tambaya ko an duba tamostat.

Ranar komawa asibiti ta faɗo cikin makon ƙarshe na Disamba, hazo ya rufe gari har ba a ganin duwatsun da ke kewaye da shi. Muka tashi bayan asuba, Inna a baya tare da jikarta. Kafin mu fita gari allurar zafi ta hau ta tsaya a tsakiya. Na tura iskar jikin gilashi, hazon ciki ya janye daga ƙasa zuwa sama, hanya ta fito. Sa'an nan na mayar da ita ƙasa wajen ƙafafu. Muka wuce Zaranda ban ji tari ba. Muka wuce Nabordo, na duba madubi na ga ta sassauta bargon da ta rufa da shi, carbinta yana tafiya a hankali.

Ni ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne. Tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba mini a gaban idona ba, in tana da magana da ni sai ta bi ta kan wani. Muna hawan tudun da ke bayan Magama Gumau, gari ya fara haske, sai na ji ta taɓa jikarta ta ce, "Ke, gaya wa ubanki ya rage abin nan. Ɗumin ya isa haka."

Na rage. Allah ya jiƙan wanda ya sayi motar, ya ƙara wa Kawu lafiya, ya ba mu ikon gyara abin da muka gada.